Laba 118 ta Jiya da ta Yau

Ranar 24 ga Mayun 2018, a Tokyo, Jamie McDonnell ɗan Ingila ya iso wurin awo a makare. Idanunsa sun zurma, kumatunsa sun lotsa, leɓensa ya bushe kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Ya hau sikeli, nauyinsa bai haura ƙa'idar ajin bantam ba, wato laba 118, kilo 53 da rabi ke nan. Yana sauka ya kama shan ruwa da cin abinci. Washegari da dare, kafin ya shiga fage, sai ga shi ya ƙara kusan kilo 12. A takarda ɗan bantam ne, amma jikin da ya shigo da shi na wanda ya kamata a ce yana aji biyar ko shida sama da nan ne. Duk da haka Naoya Inoue bai cika minti biyu ba ya gama da shi, ya karɓe kambun da ke hannunsa.

Wannan dare nake tunawa duk sa'ad da aka tayar da musun nan na masoya damben boksin: da za a dawo da mazan farko, su George Dixon da Terry McGovern da Pete Herman, a haɗa su da zakarun bantam na yau, wa zai sha kashi? Musu ne da ba ya tsufa, irin wanda ake yi a bakin gidan dambe kan ko akwai yaron yau da zai iya tsayawa gaban Shago. Wasu su ce na da ƙarfe ne, na yanzu 'yan gata. Wasu su ce karen bana shi ke maganin zomon bana, na da ko turmi uku ba za su kai ba. Ni kuwa ina ganin kafin a taɓo jarumta ko gwaninta, sai an fara tsayawa a gaban sikeli, domin a nan rabin amsar take.

Kalmar bantam sunan wata ƙaramar kaza ce mai zafin faɗa, kuma a farkon lamari ajin ba shi da tsayayyen nauyi. Lokacin da George Dixon, ɗan Halifax ta Kanada, ya je Landan a 1890 ya doke Nunc Wallace a turmi na 18, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya, nauyinsa bai wuce laba 115 ba. Jimmy Barry na Chicago, wanda ya yi ritaya ba a taɓa cin sa ba, tsakanin laba 105 da 112 yake dambe. Wasan da McGovern ya yi wa Pedlar Palmer kwaf ɗaya a turmin farko a 1899, a kan laba 116 aka yi shi. Sai a 1909 ne wata ƙungiyar wasanni ta Landan ta tsayar da 118, Amurka kuma ba ta daidaita a kai ba sai wajen 1920. Ga babban abin kuma: a ranar wasa ake awo, wani lokaci ma a bakin fage. Abin da sikeli ya nuna, shi ne mutumin da zai shiga.

Yau kwana guda kafin wasa ake awo, al'adar da ta kafu daga shekarun 1980. An yi haka ne don kada yaro ya shiga fage jikinsa a bushe, naushi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Amma sai ta buɗe wata ƙofa: manyan mutane su matse ruwan jikinsu na 'yan sa'o'i, su wuce sikeli, su mayar da abinsu cikin dare. Inoue kansa, da ba a lissafa shi cikin masu wuce gona da iri, ya ƙara wajen kilo shida a daren McDonnell. Ka ga ke nan in aka ɗauko Barry yadda yake aka ajiye shi gaban zakaran bantam na yau, tsakaninsu akwai kilo tara ko goma. A jikin mutum mai kilo 50, wannan kashi ɗaya ne cikin biyar. Ba dambe aka haɗa ba, zalunci aka shirya. Barry da Dixon na 1890, da yau suke raye, da a ƙananan azuzuwan da ke ƙasa da bantam za a same su, azuzuwan da a zamaninsu ba a ma ƙirƙiro su ba.

Wani zai ce ai labarin McDonnell ɗin ya rushe hujjar, tunda mai nauyin ne ya faɗi. Gaskiya ne nauyi kaɗai ba ya cin wasa, musamman nauyin da aka samu bayan an azabtar da jiki. Sai dai a lura da ɓangaren da abin ya faɗa. Inoue ya rusa wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. To yaya ke nan da wanda shi ya fi girma? A nan ban ga abin ja-in-ja ba. Turmi 12, safa mai oza takwas, rafali na yau, alƙalai uku masu ba da maki: Inoue zai ci Barry, zai ci Dixon, kuma ba na jin za a kai ƙarshe.

McGovern ne kaɗai cikin 'yan wancan ƙarni nake ɗan jinkirtawa a kansa. Shi ba ya zagaye-zagaye, daga ƙararrawa yake afka wa mutum da hannu biyu, kuma jikinsa ya ci gaba da girma har ya hau aji na gaba ya ƙwace kambu daga hannun Dixon a Janairun 1900. Irinsa yana iya firgita kowa a minti uku na farko. Amma yadda yake shigowa a buɗe, haɓa a sama, ita ce ainihin abincin masu jiran kuskure. Juan Carlos Payano gogaggen bahago ne, tsohon zakara, ba a taɓa yi masa kwaf ɗaya ba. Daƙiƙa 70 ya yi a gaban Inoue a Yokohama cikin Oktoban 2018. Hagu ta zungure shi, dama ta bi ta kan hanya ɗaya, sai ga shi a miƙe. Wanda ya saba rugowa ba tare da ya rufe fuska ba, abin da zai tarar ke nan.

Akwai dai wani rashin adalci da masu kallon tsofaffin finafinai suke yi wa mutanen nan, kuma yana ci mini rai. Za ka ga yaro ya buɗe waya ya kalli minti biyu na baƙi-da-fari, ya ga mutane suna tsalle-tsalle kamar fara, hannu a ƙasa, sun miƙe sambal, sai ya yanke hukuncin ba su iya komai ba. Na farko, da hannu ake juya kyamarorin wancan lokaci, hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa guda ba su kai na yau ba, shi ya sa motsi ke fita a tsinke; naushi mai sauri ma yakan ɓace tsakanin hoto da hoto. Na biyu, ɗan abin da ya rage na hoton Dixon daga ƙarshen rayuwarsa ne, bayan giya da yawan wasa sun cinye shi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, tsayuwar tasu ba jahilci ba ce. Safarsu 'yar ƙarama ce, oza huɗu ko biyar, cike da gashin doki da ke gocewa daga kan gaɓoɓin yatsu tun wasa bai yi nisa ba. Da irin wannan safa ba ka isa ka manna hannu biyu a fuska ka ɓuya a baya ba, naushi zai ratsa ta tsakani. Dole ka kare da tazara, da kaɗe hannun abokin karawa, da kautar da kai, da rungume shi in ya matso. Ba ka kuma isa ka yi ta ruwan naushi a ƙoƙon kan mutum ba, hannunka ne zai karye. Sai ka zaɓi wuri: haɓa, hanci, ƙasan haƙarƙari. Kowane salo ɗan dokar da ta haife shi ne. Dixon ɗin nan da ake rainawa, shi ake danganta wa ƙirƙiro damben inuwa, wanda babu wani zakaran yau da ke wuni bai yi shi ba.

Shi ya sa tambayar take da fuska ta biyu, wadda ba a cika juyawa a duba ba. Me zai faru in zakaran yau ne aka mayar baya?

A Fabrairun 1890, a Boston, Dixon ya yi turmi 70 da Cal McCarthy, sama da awa huɗu, aka tashi canjaras. Zakaran yau bai taɓa wuce minti 36 yana dambe ba, domin tun bayan rasuwar Duk Koo Kim ɗan Koriya a 1982 aka fara rage wasan kambu daga turmi 15 zuwa 12. Duk horonsa an gina shi a kan wannan tsawon: ya ƙone man da ke tankinsa kaf kafin ƙararrawar ƙarshe. A wasan turmi 25 ko 40, wanda ya yi haka ya kashe kansa. Sannan babu robar kare haƙora. In ka faɗi, abokin karawarka ba ya komawa wani lungu, yana tsaye a kanka yana jiran gwiwarka ta bar ƙasa. Rafali ba ya gaggawar raba runguma, a cikinta ake aikin kai da kafaɗa da gwiwar hannu da goga igiyar safa a kan rauni. Babu likitan da zai hau ya duba ido ya ce a tsaya.

A nan wani raunin Inoue da aka sani yake fitowa. A ƙarshen 2014, da ya rusa Omar Narvaez a turmi biyu, hannunsa na dama ya samu matsala har ya yi shekara guda bai yi wasa ba. Wannan fa da naɗin bandeji na zamani da safa mai kauri. Mutumin da ƙarfin naushinsa ya fi ƙarfin ƙashin hannunsa, in aka sa masa safar 1890, ɗayan biyu ne: ko ya gama da Dixon cikin turmi biyar, ko ya wayi turmi na 15 da hannu ɗaya a gaban mutumin da ya san yadda ake cin wasa a awa ta uku. A kan sikelin ranar wasa kuma, ba tare da kilo shidan nan na dare ba. Har yanzu ina ba Inoue rinjaye, saboda abin da yake yi da wuri yake yin sa. Amma da yawa daga cikin masu riƙe da kambu a shekarun nan, waɗanda suka dogara da girman jiki da tara maki, ba na ganin za su fita daga wannan fage da ƙafafunsu.

Wasan da ya fi koya mini wani abu a kan wannan batu ba tsoho ba ne. Na Inoue da Nonito Donaire ne a Saitama, 7 ga Nuwamban 2019. Donaire ɗan Filifin yana da shekara 36 a lokacin, ya yi wasa sama da 40, an doke shi an kuma, kowa na cewa ya ƙare. A turmi na biyu ya saki hagun nan tasa mai lanƙwasa, ta fasa wa Inoue fatar ido, ta tsaga ƙashin kwarmin idon dama. Daga nan Inoue mutum biyu yake gani. A turmi na tara dama ta same shi, ƙafafunsa suka yi laushi, aka ga abin da ba a saba gani ba: Inoue ya rungume mutum yana neman numfashi. Sai a turmi na 11 ya nutsa hagu a hantar Donaire. Tsohon ya juya baya ya ɗan zaga fage yana yamutsa fuska, ya durƙusa, ya miƙe ana dab da cika goma, ya kuma ƙarasa wasan a tsaye. Inoue ya ci da maki. Me ya ba shi wuya haka? Ba sauri ba, ba ƙuruciya ba. Sanin lokacin sakin hannu ne, da rashin tsoro irin na wanda ya riga ya ga komai. To wannan kaya shi ne mazan da suke da shi buhu-buhu.

Lokacin da Inoue ya doke Paul Butler a Disamban 2022 ya haɗa kambu huɗu na bantam a hannunsa, wasansa na 24 ke nan a matsayin ƙwararre. Dixon ya yi sama da 150 waɗanda aka rubuta, ban da ɗaruruwan da ya yi yana yawo gari-gari da 'yan wasan kwaikwayo, ana shelar duk mai ji da kansa ya fito. Dubi Pete Herman na New Orleans, wanda ya faro daga goge takalma. A Disamban 1920 Joe Lynch ya karɓe masa kambu a New York. Bai zauna jinya ba, ya hau jirgin ruwa zuwa Landan, a Janairu ya tsayar da Jimmy Wilde a turmi na 17. A Yuli ya ƙwato kambunsa daga Lynch, a Satumba ya sake rasa shi a hannun Johnny Buff, ga wasu wasannin a tsakani. Abin da zakaran yau zai yi a shekara uku, Herman ya yi shi a wata tara. Damben kurkusa kuwa, inda goshi ke gogar goshi ana aikin ciki da gajerun naushi, Herman malami ne a kai, kuma fanni ne da ya yi rauni yanzu saboda rafali ba ya barin a daɗe a wurin.

Amma ba zan yabi wannan yawan wasa in rufe ido daga kuɗin da aka biya ba. Herman ya bar dambe yana da shekara 26, ya makance. Ɗan yatsan safa ne ya fara tsone masa ido, abin da ɗinkin safar yau ya rage ƙwarai. Walter Croot ya mutu a Landan a 1897 bayan Barry ya kayar da shi ƙeyarsa ta bugi dandamalin da ba shi da shimfiɗar kirki, kuma Barry bai sake yi wa kowa kwaf ɗaya ba har ya bari. McGovern ya yi ta shiga asibitin masu taɓin hankali yana fita, ya rasu yana da shekara 37. Dixon ma 37 gare shi da ya rasu a New York a 1908, ba shi da ko sisi. In na ji ana cewa 'yan yanzu 'yan gata ne, sai in tuna mutanen nan huɗu. Gatan da ake yi musu gori a kai, da idon Herman da ran Croot aka saye shi.

Daga ƙarshen shekarun 1920 lissafin yake fara canzawa, kuma a kan mutum ɗaya yake canzawa. Panama Al Brown, haifaffen Colón, ya ci kambun bantam a New York a 1929, ya zama zakaran duniya na farko daga Latin Amurka. Tsayinsa ya doshi santimita 180, hannuwa zaƙo-zaƙo, ƙafafu kamar sillen kara, amma yana yin laba 118 a ranar wasa. Ya yi wasa sama da 150, ba a taɓa yi masa kwaf ɗaya ba. Ya riƙe kambu shekara shida yana zaune a Paris yana rayuwar dare, kafin Baltasar Sangchili ya karɓe a Valencia a 1935, ya kuma dawo ya rama a 1938. Shi a fim ɗinsa ba ka buƙatar a yi maka bayani: zungurar hagu, taku, dama miƙaƙƙiya, duk irin na yau ne. Hujjar sikeli da ta kayar da Barry ba ta aiki a kansa, hasali ma juyawa take yi. Ba shi dare guda ya ci ya sha bayan awo, ka ga abin da zai shigo da shi.

Na yau da ya fi kama da shi shi ne Junto Nakatani, dogon bahagon Japan da ya karɓi kambu daga Alexandro Santiago a Fabrairun 2024, shekarar da kambun bantam huɗu duk suka taru a hannun Japanawa. Nakatani ya saba shi ne dogo a fage, shi ke tsara tazara, abokin karawa na ta faman neman hanyar shiga. Gaban Brown zai tarar da wanda ya fi shi tsawo, wanda ya kara da kowane irin salo a ƙasashe da dama, sau da yawa a gaban 'yan kallo da alƙalan gidan abokin karawarsa. Nakatani ya fi shi kula da jiki, naushinsa ya fi nauyi, hannun Brown kuma mai saurin karyewa ne. Duk da haka, a turmi 12, Brown nake ba wa da maki. Da Inoue kuwa abin ya fi wuya, domin shi dogon mutum ba ya ba shi tsoro, ciki yake nema, kuma jikin Brown siriri ne mai faɗin wurin duka. Zan ce Inoue, amma ba da murya mai ƙarfi ba.

Inda na daina ba na yau rinjaye gaba ɗaya shi ne kan Eder Jofre na Birazil, ko da yake shi ba a cikin mazan farko yake ba, a tsakiya yake tsaye, daga 1960 zuwa 1965. Ya ci wasa 72, 50 daga ciki kwaf ɗaya, sau biyu kacal aka doke shi, duka a Japan, duka a hannun Fighting Harada, duka da maki. Abin da ya fi cin sa a wasannin nan biyu ba wani abu ba ne illa sikeli: jikinsa ya girmi 118, ya yi ta matse kansa, sannan ya shiga turmi 15 a ranar da aka auna shi. Ya bar dambe shekara uku, ya dawo a aji na sama, ya sake cin kambun duniya a 1973 yana da shekara 37. Kamar Inoue, mahaifinsa ne ya horar da shi tun yana yaro. Kamar Inoue, hanta yake nema da hagu. Yana da haɓar da ba a taɓa tsayar da mai ita ba, yana da haƙurin da Donaire ya nuna a Saitama, kuma shi a ganiyarsa yake, ba ɗan 36 ba. A auna su ranar Juma'a, a yi wasa daren Asabar, turmi 12. Inoue zai ɗauki huɗun farko, wataƙila har da kayarwa. Daga na bakwai Jofre zai fara isa ciki. Turmi uku na ƙarshe su za su raba, kuma ni Jofre na ɗauka.